Masar a Hannun Farisawa: Lardin da Ya Ƙi Kwanciya

(Kiɗan buɗe shiri)

  

Yau Masar muka nufa. Kowa ya san Masar ta Fir'auna, kowa ya san Masar ta Azhar inda 'ya'yanmu ke zuwa karatu. Amma akwai wani zamani a tsakani da ba a cika ba da labarinsa ba, lokacin da wannan babbar ƙasa ta kogin Nilu ta koma lardi guda a cikin lardunan wata daula, ana naɗo mata gwamna daga nesa, ana kwasar harajinta ana kai wa wani sarki da ke zaune a ƙasar da muke kira Iran a yau.

Bari in fara warware wani ruɗani. Da yawanmu in aka ce Farisa, Kisra ne ke faɗo mana a rai, wanda Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya aika wa wasiƙa. Wannan daular Sasaniyawa ce, ta baya-bayan nan. Tamu ta yau ta girme ta nesa ba kusa ba. Sarki Sairus ne ya kafa ta wajen shekara ta 550 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, wato fiye da shekara dubu kafin Kisran da muka sani. Ku kuma riƙe cewa shekarun wancan zamani da baya-baya ake ƙirga su: 525 ta riga 404 zuwa.

Daular ta miƙe tun daga kogin Indus, a Pakistan ta yau, har bakin ƙasar Girka. Mutum ɗaya ba ya riƙe irin wannan faɗi da hannunsa, sai aka yanka ta larduna. Herodot, marubucin tarihin nan Bagirke, ya lissafa ashirin a zamanin Sarki Dariyus. Kowane lardi da gwamnansa, wanda sunan muƙaminsa da tsohon Farisanci ke nufin mai tsaron mulki; a bakin Girkawa kalmar ta koma satraf. Masar kuwa, Farisawa Mudraya suke ce mata.

Sairus ya ci Babila a 539, amma ajali ya riske shi a 530 bai kai ga Masar ba. Ɗansa Kambisis ya gaji sarautar, ya gaji burin. Fir'auna Amasis ne ke kan karaga a lokacin, tsoho mai dabara da ya shekara 44 yana mulki. Ana tsakiyar shirin yaƙi ya mutu, ya bar wa ɗansa Samtik na uku gadon da bai cika ko shekara a kai ba. Babbar garkuwar Masar ta gabas ita ce hamadar Sina'i, inda ake kwana da kwanaki ba ɗigon ruwa. Herodot ya ce Kambisis ya ƙulla amana da wani sarkin Larabawa, wanda ya cika salkuna ya ɗora wa raƙuma ya tari rundunar a hanya. A 525 aka gwabza a Felusiyum, ƙofar Masar ta gabas, kusa da inda Fot Sa'id yake a yau. Masarawa suka karye, suka ja da baya zuwa Memfis, babban birninsu da ke kudu kaɗan da Alƙahira, nan ma aka ci su.

To, daga nan ne labarin ya rabu biyu, kuma a nan nake so ku ƙara kasa kunne.

In ka bi ta bakin Herodot, Kambisis mahaukaci ne tuburan. Ya ce ya tasar wa ƙasar Kush, wato arewacin Sudan ta yau, ba tare da isasshen guzuri ba, yunwa ta koro shi. Ya tura mutum dubu 50 zuwa dausayin Siwa, guguwar rairayi ta binne su. Da ya komo Memfis sai ya tarar ana shagali, domin an sami sabon Afis, wani bijimi da Masarawa ke tsarkakewa. Ya zaci murnar asararsa ake yi, ya zare wuƙa ya soki bijimin a cinya har ya mutu, ya sa aka yi wa masu hidimarsa bulala. Fiye da shekara dubu biyu duniya na maimaita wannan labari.

Sai a 1851 wani Bafaranshe mai tonon kayan tarihi, Ogust Mariyet, ya buɗe makabartar waɗannan bijimai a Saƙƙara. Cikin abin da aka samu har da allon dutse na wani Afis da aka binne a 524, shekara guda bayan shigowar Farisawa. A jikin allon ga Kambisis nan da shigar Fir'auna, a durƙushe gaban bijimin. Ga kuma ƙaton akwatin gawa na dutse, da rubutu a jikinsa cewa Kambisis ne ya bayar da shi. Gani ya kori ji.

To me ya jawo masa wannan baƙin jini? Ruwa ba ya tsami banza. A birnin Faris na Faransa akwai wata tsohuwar takardar fafirus, irin wadda Masarawa ke yi da wata ciyawar bakin kogi, da ta adana wata doka ta Kambisis. Ya rage abin da fada ke bai wa ɗakunan bauta. In ban da guda uku da ya ware, sauran an zabge rabin shanun da suke karɓa, an ce itacen wuta su je su samo da kansu, tsuntsayen hadaya kuma su yi kiwon abinsu. Su wa ke riƙe da alƙalami a Masar ta wancan lokaci? Su wa baƙo ke tambaya in yana neman labarin da? Masu hidimar ɗakunan bautar nan ne, kuma Herodot da kansa ya sha faɗin cewa daga bakinsu ya ji abubuwa da yawa. Ban ce Kambisis mutumin kirki ba ne. Wanda ya shigo ƙasar mutane da takobi ya zubar da jini ba ya wanku. Amma a ganina, wuƙar da ta fi yi wa masu ba da labarin zafi ita ce wadda ta yanke musu kason abinci.

Akwai wani Bamasare da ya ga komai da idonsa, ya kuma bar mana nasa bayanin a jikin wani ɗan mutum-mutuminsa na dutse da ke gidan adana kayan tarihi na Batikan. Sunansa Ujahorresnet. A zamanin Amasis da Samtik shi ne shugaban jiragen ruwan sarki. Da Farisawa suka ci ƙasa sai ga shi babban likitan Kambisis. Shi ya tsara wa Kambisis sunayen sarauta irin na Fir'aunoni. Ya ce ya kai kuka cewa baƙi sun tare a harabar ɗakin bautar garinsu, Sayis, Kambisis ya ba da umarni aka fitar da su, aka tsabtace wurin. Daga baya Dariyus ya sallamo shi daga ƙasar Ilam ya dawo gida domin ya farfaɗo da makarantar da suke kira Gidan Rai, inda ake koyar da rubutu da aikin likita.

Wasu masana na kiransa maci amana, wasu na cewa ya tsaya ne ya ceci abin da zai cetu. Ni dai abin da na ɗauka daga gare shi shi ne, sarkin da ke Farisa bai iya mulkin Masar sai da irin wannan mutum: wanda ya san harshe, ya san al'ada, ya san ƙofar da ake ƙwanƙwasawa.

Dariyus, wanda ya hau mulki a 522, ya fahimci haka fiye da kowa. A farkon mulkinsa, ya rubuta wa gwamnansa na Masar cewa a tara masu ilmi daga cikin sojoji da marubuta da masu hidimar addini, su tattara dokokin ƙasar kamar yadda suke har zuwa ƙarshen mulkin Amasis. Shekara 16 suka yi suna aikin. Aka rubuta da rubutun Masarawa na yau da kullum, aka kuma yi kwafi da Aramiyanci, harshen da daular ke gudanar da aikin ofis da shi daga wannan iyaka zuwa waccan. Kun ga, bai kawo musu dokar Farisa ba. Tasu ya sa aka rubuta yadda alƙalinsa zai iya karantawa.

Sai babban aikinsa, hanyar ruwa. Wani Fir'auna mai suna Neko ya taɓa soma haƙa magudana daga Nilu zuwa Bahar Maliya ya bari. Dariyus ya kammala ta wajen shekara ta 500. Ta taso daga kusa da garin Zaƙaziƙ na yau, ta bi kwarin Tumilat, ta faɗa teku a wajen Suwez. Herodot ya ce tafiyar kwana huɗu ce a jirgi, faɗinta kuma ya isa manyan jiragen yaƙi biyu su jera. A bakinta Dariyus ya kakkafa allunan dutse da harsuna huɗu, yana shelar cewa shi Bafarishe ne, ya ci Masar, ya sa an haƙa wannan hanya, jirage kuma sun bi ta har Farisa. An gano ɗaya daga cikin allunan a 1866, daidai lokacin da ake haƙa Mashigin Suwez na yanzu. Ku duba wannan haɗuwa: masu haƙa na zamani suna tono, sai ga sa hannun wanda ya riga su da shekara fiye da dubu biyu da ɗari uku.

A 1972 kuma, a kufan birnin Susa da ke Iran, aka haƙo mutum-mutumin Dariyus, ba kai, wanda yanzu yake gidan tarihi na Tehran. Rigar jikinsa ta Farisa ce, dutsen na Masar ne, aikin ma na masassaƙan Masar. A gindinsa an jera al'ummu 24 da ke ƙarƙashinsa, ciki har da Libiya da Kush. Masu saurarenmu na Sudan, wannan ya shafe ku. A rubutun ginin fadar Susa, Dariyus ya ambaci Kush cikin ƙasashen da aka kawo hauren giwa daga gare su, ya ambaci Masarawa cikin maƙeran zinariya da masu ƙawata bango. A matakalar fadar Fasifolis an sassaƙa mutanen Kush suna tafe da haure. Herodot ya lissafa gaisuwar da suke kaiwa: ɗanyar zinariya, gungumen baƙin itacen kanya 200, manyan haure 20, da yara maza biyar. Waɗannan yara biyar, masu sauraro, 'ya'yan wasu ne.

(Gajeren kiɗa)

Madalla. Ga wanda ya kama mu a tsakiya, muna magana ne a kan Masar lokacin da take lardin daular Farisa ta farko. Mun ga ado, yanzu mu ga kuɗi, domin ba a cin ƙasa don a gina mata makaranta.

A lissafin Herodot, Masar haɗe da Libiya da biranen Kirene da Barka ita ce lardi na shida, kuma tana biyan talanti 700 na azurfa duk shekara. Talanti guda ya kai kimanin kilo 30, wato wajen tan 21 na azurfa ke nan. Cikin lardunan da ke biya da azurfa, Babila kaɗai ta fi ta. Ban da wannan akwai kuɗin kifin tafkin Fayyum, akwai hatsin ciyar da sojojin da ke tsare da Farar Ganuwa, wato barikin Memfis inda gwamna ke zaune. Har wani gari guda, Antilla, aka ware domin takalman matar sarki.

Wata takarda ta nuna mana yadda kuɗin fito yake. Wani magatakarda ne ya goge tsohon rubutun da ke kanta ya yi sabo a kai, sai wata masaniya, Ada Yardeni, ta zauna ta karanto gogaggen da ke ƙasa. Ashe littafin masu karɓar fito ne na shekara guda: jirage 42 sun shigo cikin wata goma, 36 na Girkawa, shida na Finikiyawa. Sun kawo ruwan inabi da mai da katako da ƙarfe da tagulla da ulu, an ƙirga an cire na sarki. Da za su koma me suka ɗauka? Kanwa. Ita ma sai da aka biya mata fito.

Gwamnan lardi irin wannan ƙaramin sarki ne, shi ya sa ake sa masa ido. Gwamnan farko, Aryandes, Herodot ya ce ya sa an tace azurfa ta fi ta kowa kyau, kamar yana gasa da zinariyar sarki. Dariyus ya ɗora masa laifin tawaye ya kashe shi.

Duk da dokoki da magudana, Masar ba ta kwanta ba. Ta yi bore a 486, shekarar da Dariyus ya mutu. Ɗansa Zaksis ya murƙushe boren, ya naɗa ɗan'uwansa Akamanis gwamna, ya ƙara matse ƙasar. Da ya tafi yaƙin Girka a 480, jirage 200 Masar ta bayar. Wajen 460 wani basaraken Libiya, Inaros, ya tayar da yankin bakin teku, ya kashe Akamanis a fagen fama, mutanen Atina suka kawo masa ɗauki da jirage. Sai da Farisa ta turo babban kwamandanta Megabizus, ya tsare su a wani tsibiri wata 18, daga ƙarshe ya karkatar da ruwan, jiragen suka zauna a kan busasshiyar ƙasa, ya taka da ƙafa ya ci su a 454. An kashe Inaros, amma aka mayar wa ɗansa sarautar ubansa. Haka Farisawa suke: su sare kai, su bar gidan.

Bayan wannan ne aka naɗa mutumin da muka fi sani a cikin gwamnonin Masar duka, Arshama, ɗan gidan sarauta, wanda ya riƙe lardin wajen shekara arba'in ko fiye. Mun san shi ne saboda wata jakar fata da aka samu cike da wasiƙunsa, an rubuta su da Aramiyanci a kan fata. Suna ɗakin karatu na Bodliyan a Okasfod ta Ingila. Yawancinsu ya aiko su ne lokacin da yake can Babila ko Susa, zuwa ga wakilan da ke kula da gonakinsa a Masar.

Ɗaya takardar guzuri ce ta wakilinsa, Bamasare mai suna Nahtihor. An rubuta wa jami'an zango-zango, tun daga arewacin Iraƙi ta yau har Dimashƙu, cewa kullum a ba shi awo biyu na farin gari, awo uku na gari mai bi masa, awo biyu na abin sha. Barorinsa goma kowa awo ɗaya. Dawaki a ba su harawa. Aka ƙara da sharaɗi: in ya wuce kwana ɗaya a wuri guda, kada a ƙara masa komai. Wanda duk ya taɓa aikin gwamnati ya je karɓar kuɗin tafiya zai gane wannan murya.

Wata wasiƙar ba daɗin ji. Arshama na faɗa da Nahtihor cewa wakilin da ya gabace shi ya tsare dukiya a lokacin tarzoma har ya ƙara a kai, shi kuwa an ji yana sakaci. Ya umarce shi ya nemo ma'aikata da masu sana'a, ya shigar da su gidan, a yi musu lambar Arshama a jiki, in ba haka ba ya kuka da kansa. Mutane ake yi wa lamba kamar shanu. Duk wanda zai yabi tsarin Farisa, to ya haɗa da wannan a cikin yabon.

Ta ukun ita ta fi taɓa ni. Wani bara mai suna Fetosiri ya kai kuka cewa ubansa da dukan mutanen gidansu sun hallaka a cikin tarzoma, gonar da aka ba uban tana nan ba mai nomawa, a taimaka a bar masa. Arshama ya amsa cewa in maganar haka take, kuma ba a riga an ba wani ba, a ba shi, ya riƙa biyan harajin da ubansa ke biya. Littattafan tarihi sun ba mu sunayen kwamandoji da adadin jirage. Wannan 'yar fata ita ta ba mu maraya guda da ya rage a gidansu.

Yanzu mu gangara kudu, can iyaka, tsibirin Elefantin da ke tsakiyar Nilu daura da Aswan. Nan Farisawa suka ajiye sojojin tsaron iyakar Kush, cikinsu har da wata al'umma ta Yahudawa da iyalansu, waɗanda suka riga Farisawa zuwa wurin. Jamusawa masu tono sun samo takardunsu tsakanin 1906 da 1908, wasu kuma an saye su a hannun mutanen gari: takardun aure, na bashi, na gado, na cinikin gida. Akwai wata mata, Mibtahiya, mai gidaje na kanta, wadda ta auri Bamasare magini, kuma takardar aurenta ta ba ta ikon rabuwa da shi in ta ga dama, kamar yadda shi ma yake da iko. Yahudawa da Aramiyawa da Masarawa da Farisawa, katanga na jingine da katanga.

Sai zaman ya ɓaci. Yahudawan na da ɗakin ibadarsu inda suke yanka hadaya, kusa da ɗakin bautar Kunum, abin bautar Masarawa da ake sassaƙawa da kan rago. A shekara ta 410, Arshama ya tafi wurin sarki. Masu hidimar Kunum suka haɗa baki da hakimin yankin, Bafarishe mai suna Widranga, ya sa ɗansa, wanda ke shugabantar barikin Aswan, ya zo da sojoji. Suka rushe ɗakin ibadar, suka farfasa ginshiƙan dutse, suka ƙone rufin katako, suka kwashe tasoshin zinariya da azurfa. Ba a banza Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade ba.

Me mutanen suka yi? Sojoji ne, da makamai a hannu, amma alƙalami suka ɗauka. Shugabansu Yedaniya ya rubuta wa Urushalima, shiru. Shekara uku suna cikin tufafin makoki, suna azumi, ba shafa mai, ba shan ruwan inabi. A 407 suka sake rubutawa zuwa ga Bagohi, gwamnan Yahudiya, da 'ya'yan gwamnan Samariya. Suka tuna masa cewa ɗakin nan tun zamanin Fir'aunoni yake, Kambisis ma ya tarar da shi bai taɓa shi ba. Suka kuma wanke Arshama, suka ce bai san abin da aka yi ba. Amsa ta zo ta bakin manzo: a faɗa wa Arshama a sake gina shi a inda yake, a riƙa miƙa hadayar gari da turare. Ba a ambaci yanka ba, kuma a wata takardar su da kansu sun yarda ba za su ƙara ƙona tumaki ko shanu ko awaki a wurin ba. Ga alama sulhu aka yi: ku sami ɗakinku, maƙwabta su daina ganin jinin rago.

Abin da ke ba ni mamaki a nan shi ne yadda talakan soja a ƙarshen duniyar da aka sani ya yarda cewa takarda za ta yi tafiya daga Aswan zuwa Urushalima, a karanta, a amsa, amsar kuma ta yi aiki. Wannan yarda ita ce daular, fiye da ganuwar Memfis.

Amma lokaci ya riga ya ƙure. A 404 Dariyus na biyu ya mutu, 'ya'yansa suka shiga rikicin gado, wani mutumin Sayis mai suna Amirtayus ya ƙwace arewacin ƙasar. Takardun Elefantin sun ci gaba da ƙirga shekara da sunan sarkin Farisa na ɗan lokaci, sai ga su sun koma ƙirgawa da sunan Amirtayus. Bayan 399 muryar wannan al'umma ta ɗauke.

Masar ta yi shekara sittin tana cin gashin kanta. Farisa ta yi ta yunƙurin dawowa. A 373 cikar kogin Nilu ce ta kori rundunarta. Sai a 343 Artashate na uku ya sake cin ƙasar, Fir'auna Nektanebo na biyu, na ƙarshe cikin Fir'aunoni 'yan ƙasa, ya gudu kudu wajen Kush. Wannan zama na biyu bai fi shekara goma sha ɗaya ba. A 332 Iskandar na Makidoniya ya iso, gwamnan Farisa Mazakes ya miƙa masa ƙasar da taskarta ba tare da an harba kibiya ba. Farisawa ba su sake mulkin Masar ba sai bayan shekara ɗari tara da hamsin, lokacin da rundunar Kisra ta ci Iskandariyya a 619 Miladiyya. Shekara goma suka yi suka fita, bayan wasu goman kuma Amru bin Asi ya shigo.

Kafin lokaci ya cim mana, bari in kai ku wuri ɗaya na ƙarshe, can cikin hamadar yamma, dausayin Kharga. A nan ne ɗakin bautar Hibis yake, wanda sunan Dariyus ke jikin bangonsa, yana tsaye har gobe. Kudu da shi akwai wani ƙaramin ƙauye, Ain Manawir, da Faransawa suka soma tonowa a 1994. Mutanensa sun haƙa rijiyoyi a jere a gefen tudu, suka haɗa su ta ƙarƙashin ƙasa da rami mai ɗan gangare, ruwa na bi yana fitowa gona da kansa ba guga ba igiya. Irin wannan dabara an san Iran da ita tun da daɗewa, kuma ita ce ake gani a wasu dausayoyin Sahara har yau. A ƙauyen an samu ɗaruruwan tsingaro da aka yi rubutu a kansu, domin takarda tsada gare ta. Yawanci yarjejeniya ce ta ruwa: wane ya sayar wa wane ruwan kwana kaza a wata, wane ya ba da hayar rabin yini a kan kason amfanin gona, ga shaidu.

Kowace yarjejeniya da shekarar sarki take farawa. Wasu na ɗauke da sunan Artashate na farko, wasu Dariyus na biyu. Akwai wadda ta ambaci Inaros mai tawaye. Sai ga na Fir'aunonin da suka karɓi ƙasa bayan Farisawa sun fita. Magatakardan ƙauyen yakan sauya sunan da ke layin farko, sannan ya ci gaba da rubuta kwanakin ruwa da sunayen shaidu a ƙasa.

A nan za mu dasa aya a shirinmu na yau.  

(Kiɗan rufe shiri)